Inda Ya Kamata Mai Son Doki Ya Kafa Turke

Zuwa ga Edita,

 Ga ni yau kuma na dawo filin nan da ka saba ba ni. Niyyata in ci gaba da zancen tsadar hayar gida da muka soma makon jiya, sai ga takardar da ka aiko mini ta wani malamin makaranta, wadda na ga bai kamata ta kwana ba amsa ba.

Malamin ya ce shekara 11 ke nan yana tara kuɗi kaɗan kaɗan, yanzu abin ya kai ya sayi fili ya yi ɗan gini, kuma yana da halin neman a canja masa wurin aiki. Ya ce tun yana yaro ba abin da ya ke so kamar doki, amma ba irin wanda a ke ɗaurewa shekara guda a kwance shi ran Salla kaɗai ba. Yana son inda zai sami gwanin da zai koya masa horon doki sosai, yana kuma son inda zai fita kilisa da la'asar, ya yi nisa cikin karkara ba tare da mota ta firgita masa dabba ba. Tambayarsa ita ce, wane gari ne ya haɗa waɗannan biyu, kuma da araha?

Malam, ka zo wurin wanda abin ya taɓa ƙona. Bari in fara ba ka labarin kaina, don kada ka ce daga takarda na ke magana.

Shekara 6 da suka wuce na sayi fili a bayan wani gari, cikin watan Maris, ana tsakiyar rani. Dillali ya zaga da ni, na ga ƙasa shimfiɗe, ga fadama kusa, ga ciyawa kore shar a bakinta lokacin da ko'ina ya bushe, kuɗin kuwa bai kai rabin na cikin gari ba. Na ce lalle Allah ya kashe ya ba ni. Na yi ɗaki biyu da rumfa, na kafa turke, na kawo wani bikili da na yi shekara 3 ina biyan bashinsa. Da damina ta sauka sai na ga abin da dillali bai nuna mini ba. Hanyar da na ke bi da shi ta zama laka har gwiwa, rumfar ba ta bushewa, kofatonsa ya soma ruɓewa yana wari. Damina ta biyu, cikin watan Satumba, na fito da asuba na tarar ya ƙi dusa, jikinsa zafi, ramin nan na bisa idonsa ya cika ya kumbura. Kafin in samo likitan dabbobi daga birni kwana biyu sun wuce, kumfa na fita ta hancinsa. A rana ta huɗu muka ja shi da igiya zuwa rami. Likita ya ce ciwo ne da waɗansu ƙananan ƙwari ke ɗaukowa, waɗanda ba su kai sauro girma ba, su kan tashi daga damshin fadama su yi cizo da magariba da kuma asuba. Watau ciyawar nan da ta ruɗe ni, ita ce alamar abin da ya kashe shi. Na sai da gidan da hasara. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ƙara da cewa wani lokaci har kisa ta kan yi.

Tun daga ran nan na gane cewa mai doki ba ya zaɓen wurin zama da idonsa shi kaɗai, sai ya ari cikin doki da ƙafarsa ya auna da su. Ga abubuwa 5 da zan roƙe ka ka duba, kafin ka tambayi kuɗin fili.

Na farko, abinci. A makarantar mishan da na yi, malaminmu na lissafi ba ya karɓar amsa sai ya ga yadda aka yi aikin, to, ga aikin. Doki ya kan ci busasshen abinci wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. In dokinka ya kai kilo 300, kamar yawancin namu na gida, kilo 6 ke nan a yini, a shekara kuwa ya haura kilo 2,000, mafi yawansa harawa da ciyawa, sauran dusa da dawa da 'yar kanwa. Wanda ke zaune cikin birni ƙulli ƙulli zai riƙa saye a kasuwa, bayan an ɗora kuɗin mota da ribar mai sayarwa, sa'an nan in bazara ta yi, ko Babbar Salla ta gabato masu kiwon raguna suka shiga kasuwa, sai ya ji a jikinsa. Wanda ke zaune tsakanin manoman wake da gyaɗa kuwa, da kaka zai saya a bakin gona, ya jibge bisa rumfa, har ya yi musaya da takin dokinsa, gama manomi ba ya raina taki. Saboda haka in ka je duba wuri, ɗaga kai ka dubi rufin gidaje da rassan itatuwa. In ka ga harawa a jibge, wurin zai ci da doki.

Na biyu, ruwa. Doki ya kan sha lita 30 zuwa 40 a yini, da zafin bazara har ya fi haka, ban da na wanka. Ka ce jarka biyu ke nan ta 'yan garuwa, a shekara jarka 730. Ka tambayi kuɗin jarka a unguwar cikin watan Afrilu, ka ninka, ka ga ko albashi zai ɗauka. Ka tambayi kuma zurfin rijiyar maƙwabta, da watan da ta ke ƙafewa. Amma fa ka tuna da labarina. Ruwan da mai doki ke so shi ne na ƙarƙashin ƙasa, ko wanda zai tafi ya iske. Ruwan da ke kwance a ƙofar gida, da duhuwar kurmi a bakin rafi, su ne gidan ƙwari, har da tsando mai kawo sammore. Wannan ƙuda shi ne ya hana doki zama a kurmin kudu tun zamanin kakanni, har sarakunan Oyo su kan sayi dawakinsu daga arewa. Ka gina a tudu, ka shigar da doki rumfa kafin magariba, kada ka fito da shi sai rana ta ɗaga.

Na uku, ƙasa. Dawakinmu yawanci ba a sa musu takalmin ƙarfe, don haka abin da za su taka shi ne rabin lafiyarsu. Jigawa mai ɗan ƙarfi ta fi kowace, gama ruwa ba ya kwana a kanta, kuma tana da taushi ga kofato. Rairayi mai zurfi ya kan gajiyar da jijiya. Laka da damina santsi, da rani kuwa ta bushe ta tsattsage kamar ƙasan tukunya. Marmara da tsakuwa su kan cinye kofato, kwalta kuwa ta fi su duka mugunta. In ka sami jigawa, abu guda za ka kiyaye, kada ka zuba masa abinci a ƙasa, sai cikin kwami, don yashin da ya ke haɗiya ya kan taru ya murɗe masa ciki.

Na huɗu, gwanin horo, kuma nan ne zan ɗan daɗe, don na ga shi ne ya fi damun malamin. A takardarsa ya ambaci abin da Turawa ke kira diresaj. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta horo. Ana yinsa cikin fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, ko ƙarami mai mita 40 da 20, an kafa haruffa a gefe, mahayi ya bi da doki daga wannan harafi zuwa wancan, da tafiya, da sassarfa, da gudu matsakaici, ya kewaya, ya tsaya, ya ja da baya, alƙalai suna ba da maki. Tun 1912 a ke gasarsa a wasannin Olimfik, kuma a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai makarantarsa da ta haura shekara 400. Gaskiya ita ce wannan gasa da alƙalanta ba ta yaɗu a ƙasarmu ba, wanda ya ce maka ga garin da za ka same ta a araha, ka riƙe aljihunka. Amma abin da a ke nema da ita, watau doki ya ji ƙafar mahayi, ya bi hannu mai sauƙi, ya tsaya inda aka ce, wannan ba baƙo ba ne gare mu. Wanda ya taɓa ganin tsohon bafade ya sa doki taƙama gaban sarki, ko ya zo a sukwane ya yi zamiya daidai inda ya nufa, ya san muna da gwanaye.

To, ina su ke? Wuri biyu ne. Akwai bargar fada, ta sarakuna da hakimai, inda Shamaki da yaransa suka gaji aikin. Akwai kuma filayen folo, a Katsina, da Kano, da Zariya, da Kaduna, da Jos. A Katsina Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya rungumi wasan ya sa 'ya'yansa da fadawansa ciki, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa, wanda ya riƙe gari har 1981, sunansa ya kai ƙasashen waje saboda gwaninta. Dokin folo dole ya juya da sauri, ya tsaya da sauri, da hannu ɗaya a ke riƙe shi, saboda haka masu kula da dawakin nan sun san horo ƙwarai, kuma da yawansu talakawa ne irinmu, ana iya shiryawa da su.

Ga yadda za ka gane gwani. Kada ka dubi rawaninsa, dubi bakin dokinsa. In ka ga jini a linzami, ko tabon ƙaimi a haƙarƙari, yi masa sallama ka wuce. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da kaifi, a hannun wanda ya sani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun jahili kuwa wuƙa ce. Dokin da aka hora da tsoro, ranar da ya ga abin da ya fi mahayinsa ban tsoro, sai mai doki ya koma kuturi.

Sa'an nan ka lura da wannan lissafi. Filotin da a ke yankawa ƙafa 100 da 50, wajen mita 30 da 15 ke nan, watau ko ƙaramin filin horo ba zai shiga ciki ba, balle a yi ɗaki. Amma kada wannan ya karya maka zuciya. Yawancin aikin farko a kewaye a ke yinsa, mai faɗin mita 20, kuma a ƙauye ba a rasa saura ko fako mai laushi da mai shi zai yarda ka yi amfani da shi da rani. A birni kuwa wa zai ba ka?

Na biyar, hanyar kilisa da lafiyarta. Da kaka da rani, bayan an kwashe amfani, karkara duk taka ce. Da damina kuwa gona ta rufe ko'ina, ba ka da hanya sai burtali da turbar da ke tsakanin ƙauyuka, in dokinka ya sa baki a dawar wani sai ku kwana gaban dagaci. Saboda haka ka tambaya ko burtalin wurin yana nan, ko an nome shi. Cikin manyan birane kuwa kilisa ta zama abin rigima, saboda yaran da ke sukuwa a titi suna banke mutane. A Kano, garin da hawan Sallarsa ya shiga littafin al'adun duniya na UNESCO a 2024, 'yan sanda sun hana hawan Salla a 2025, har da kilisa. Wanda ya gina gida cikin birni don hawa, ran da aka yi irin wannan sanarwa sai ya zauna yana kallon turke.

Akwai kuma maganar da ba na jin daɗin rubutawa, amma in na ɓoye ta na ci amana. Akwai wuraren da fili ya yi arha ƙwarai don masu shi sun gudu ne. Yammacin Katsina wajen dajin Rugu, da Zamfara, da ƙasar Birnin Gwari, sun sha wahalar 'yan bindiga shekara da shekaru, kowa kuma ya tuna ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disamba 2020. Mutum ɗaya bisa doki a bayan gari da yamma, daga nesa a ke hango shi, kuma mai ganinsa zai ɗauka mai kuɗi ne. Kada ka tambayi dillali halin tsaro. Tambayi direban motar kasuwa ƙarfe nawa ya ke daina bin hanyar, ka tambayi mata ko suna zuwa itace su kaɗai.

Yanzu in ka haɗa waɗannan biyar za ka ga inda wuyar ta ke. Gwani yana birni, inda gida da harawa ke tsada, kuma ba filin hawa. Fili da harawa suna ƙauye, inda ba gwani ba likita. Mai ƙaramin albashi sai ya nemi tsakani, watau garin hakimi mai kasuwa, wanda bai fi tafiyar awa guda da babban birni ba. Bari in zaga da kai kaɗan.

Kewayen Kano, kamar su Bichi, da Gezawa, da Wudil, da Dawakin Tofa, ƙasar noma ce mai yawan harawa, gwanaye kuma ba su da nisa. Aibinta, gonaki sun haɗe ƙwarai, da damina hanya ta kan ƙuntata, kuma duk inda birni ya doso kuɗin fili tashi ya ke yi. In ka ƙara gaba zuwa Kazaure, da Daura, da Gumel, ƙasa ta fi buɗewa, yashi ne mai kyau, kowannensu da fadar sarki da barga, Gumel kuwa ga kasuwar Maigatari kusa, wadda ke ci ran Alhamis, inda dabbobi ke shigowa daga Nijar. Sai dai damina gajera ce, rani dogo, wanda bai tara harawa da kaka ba zai yi kuka. Haɗeja akwai dawaki da ciyawa, amma ƙasar fadama ce mai ambaliya, sai an zaɓi tudu da hankali. Zariya ta fi su ruwan sama da ciyawa, ga filin folo, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga duwatsun Kufena don mai son kallo, amma akwai laka da kaska, kuma sai ka bincika lafiyar gefen da za ka zauna. Jos tana da sanyi mai daɗi ga doki, ga cibiyar binciken ciwon dabbobi a Vom, sai dai ƙasar dutse ce mai cin kofato, harawa kuma daga nesa a ke kawo ta. Abuja kuwa, malam, ni da kai mu bar wa masu ita.

In ka matsa mini in faɗi ra'ayina, to, ga shi. In horo ne ya fi maka, nemi gefen Katsina ta gabas, ko gefen Zariya, inda za ka iya kai doki wurin gwani sau biyu a mako ba tare da ka hau mota ba. In kilisa ce ta fi maka, kuma aljihu ba nauyi, nemi wajen Kazaure, ko Daura, ko Gumel, ka yi abota da mutanen barga. Ni kaina irin wannan na biyun na zaɓa bayan hasarar da na yi, yau shekara 3 ke nan ina da wani akawal, ban kira likita ba sai don rigakafi.

Amma kada ka manta da abu uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu, don haka gidan da ya yi nisa da wurin aikinka, abin da ka rage a fili za ka biya shi a tasha. Sa'an nan ba kai da doki kaɗai za ku zauna ba. Ka shawarci uwargida, ka dubi makarantar yara da asibiti, gama gidan da doki ya ƙoshi yara suka rame ba gida ba ne. Kuma in ka zo saye, a yi shi gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, a rubuta, ka tabbata filin ba burtali ba ne, ba hanyar ruwa ba, ba kuma gadon da ba a raba ba, daga baya ka nemi takardar hukuma.

Shawarata ta ƙarshe ita ce wadda da na ji ta da ban yi hasara ba. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka kama haya a garin da ka zaɓa, ka yi damina guda cur a cikinsa, ka taka hanyoyinsa da ƙafarka cikin watan Agusta, ka sayi ruwansa cikin watan Afrilu, sa'an nan ka fito da kuɗin da ka yi shekara 11 kana tarawa. Cikin wannan shekara kuma kada ka sayi doki tukuna. Je ka bargar wanda ke da su, ka taya shara da wanki, za a ba ka hawa, za ka koyi abin da ba a rubuta a littafi ba. In shekara ta kewayo ka buga lissafi ka ga bai fita ba, ka ci gaba da hawan na mutane, ba abin kunya ba ne. Dabba amana ce, ba ta da bakin da za ta ce yunwa ta ke ji, wanda ya ɗaure ta kuwa shi za a tambaya.

Ina roƙon 'yan'uwa na Sakkwato, da Bauci, da Barno, da na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ban taɓo ƙasarsu ba, su rubuto wa Edita yadda abin ya ke wajensu, da kuɗin harawa, da halin ruwa, don malamin nan da irinsa su ƙaru. Makon gobe, in Allah ya kai mu, sai mu koma zancen haya. Allah ya ba malam turke mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Haza wassalam.

Ni ne naku,
Akawu mai doki ɗaya.